Sa'a Guda Cikin Akwati: Yadda Matuƙin Jirgi Ke Shirin Gwajin Ɗaukar Aiki

Kamfanin jiragen sama ba ya ɗaukar matuƙi don takardunsa kawai. Lasisi shaida ce cewa mutum ya taɓa cin jarrabawa, littafin sa'o'insa kuma yana nuna daɗewarsa a sama, amma babu ɗayansu da zai faɗi abin da zai yi ranar da inji ya mutu masa jirgi na dab da barin ƙasa, ga mutum ɗari da ɗoriya a bayansa. Shi ya sa bayan tambayoyin baki da na rubutu ake kai mai neman aiki wani babban ɗaki, a shigar da shi cikin wani ƙaton akwati da ke tsaye kan ƙafafun ƙarfe shida, a ja ƙofa a rufe. Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ke nan, wadda matuƙa ke ce wa "sim" a taƙaice. Abin da mutum ya yi a cikinta cikin sa'a guda, ko ƙasa da haka, shi ke raba gardama.

Wannan zance bai yi wa ɗan Ƙofar Dumi da ke Bauchi nisa ba. Daga Durum, a filin jirgin da aka gina a zamanin Gwamna Isa Yuguda aka sa masa sunan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, alhazan Bauchi ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya kuwa a 1964 aka kafa ta, lokacin shi wannan ɗan Bauchin ne Firayim Minista. Ga kuma kamfanonin da 'yan Arewa suka kafa: Kabo Air da ya yi tashe a shekarun 1980, sai Max Air da Azman Air da Rano Air. Saurayi ko budurwar da suka gama Zariya ko Ilori da lasisin tuƙin kasuwanci, da sa'o'in da ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, ƙofofin irin waɗannan kamfanoni za su ƙwanƙwasa. Wanda duk aka buɗe wa, akwatin nan zai tarar yana jiransa.

Akwatin da ke yaudarar jiki

Asalin na'urar daga masana'antar kayan kiɗa ta fito. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke ƙera ogan na coci da fiyano a garin Binghamton na jihar New York, ya ɗauki zugazugan da ke hura iska cikin kayan kiɗan ya ɗora musu wani ɗan akwati mai kamar jirgi, wanda ke karkata dama da hagu gwargwadon yadda aka motsa sanda. Da farko masu filin wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka hallaka cikin 'yan makonni saboda ba su saba tuƙi cikin duhu da gajimare ba, sannan sojin suka sayi guda shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da dubu goma.

Ta yau ta yi wa waccan fintinkau. Cikinta ɗakin tuƙi ne sak, kowane maɓalli a inda yake a jirgin gaske, ta taga kuma ana hango titin jirgi da fitilunsa da ruwan sama ko hazo, duk wanda mai gwaji ya ga damar kunnawa daga kujerarsa ta baya. Dabararta mafi ban sha'awa ita ce yadda take sa mutum ya ji gudu alhali tana wuri ɗaya. Idan matuƙi ya tura totur, sai ƙafafun nan shida su ɗaga gaban akwatin a hankali, nauyin jikinsa ya koma kan jinginar kujera. Ido na ganin titi yana shuɗewa, baya na jin matsi, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa gudu ake yi. Kunnen ciki, wanda ke kula da daidaiton jiki, ba ya iya bambanta karkata da ƙarin gudu.

Wannan raunin da na'urar ke amfani da shi, shi ne kuma ke kashe mutane a sama. Matuƙin da ya ƙara wuta cikin dare ko cikin ƙura yana iya jin kamar hancin jirgi ya ɗaga fiye da kima, ya danna shi ƙasa, alhali lafiya lau yake. Darasin farko ke nan na mai shirin gwaji: jiki yana ƙarya, agogunan gaban matuƙi su ne abin gaskatawa.

Abin da mai gwaji ke nema

Wanda ya fito daga Zariya ya saba da ƙananan jirage irin su Tampico da Diamond, masu nauyin tan ɗaya da 'yan kai, waɗanda ke sauka da gudun not saba'in ko kusa da haka. A ranar gwaji sai a ɗora shi kan Boeing 737, mai nauyin tan hamsin zuwa sittin ko fiye, mai sauka da gudun not 140, kimanin kilomita 260 ke nan a sa'a. Komai ya ninka sauri. Injin jet kuma ba ya amsawa nan take kamar na farfela. Idan yana ƙasa-ƙasa aka tura totur, sai ya ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ƙarfi ya zo. Sannan a mafi yawan lokuta mai gwaji yana kashe na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya kashe mai daidaita totur, ya kashe layukan da ke nuna wa matuƙi inda zai sa hanci. Daga kai sai hannunka da agoguna.

Mai gwaji, wanda galibi tsohon kyaftin ne, ya san duk wannan. Ba ya tsammanin sabon shiga ya tuƙa 737 kamar wanda ya shekara goma a kanta. Akwai dai iyakoki da aka saba aiki da su: kada tsayi ya kauce fiye da ƙafa 100, kada gudu ya kauce fiye da not biyar zuwa goma, kada alkibla ta kauce fiye da digiri biyar zuwa goma. Amma kaucewar ba ita ce ke kayar da mutum ba. Abin da alƙalaminsa ke bi shi ne: yaushe ka lura, me ka ce, yaya ka gyara? Idan aka yi maka gyara sau ɗaya, ka riƙe ko sai an maimaita? Minti goma na ƙarshe sun fi na farko kyau? Kamfani zai kashe maƙudan kuɗi, da dala ake biyan kowace sa'a a wannan akwati, kafin ya mai da kai cikakken matuƙin jirginsa. So yake ya san ko kana koyuwa.

Gwanintar farko a ido take. Gwani yana kafa idonsa kan agogon tsakiya, mai nuna yadda hanci da fikafikai suke dangane da doron ƙasa, daga nan ya leƙa gudu ya dawo, ya leƙa tsayi ya dawo, ya leƙa alkibla ya dawo, ba tsayawa. Wanda tsoro ya kama sai idonsa ya maƙale kan agogo ɗaya; yana fama da tsayi, gudu ya zube bai sani ba. Gwaninta ta biyu a yatsa take. Duk lokacin da gudu ko ƙarfin inji ya canja, nauyin sitiyari yana canjawa, sai a danna maɓallin tirim har jirgi ya tsaya a inda ake so ba tare da an riƙe shi da ƙarfi ba. Kyaftin da ke zaune a baya yana gane gwani daga hannunsa: yatsu ne a kan sitiyari, ba dunƙulen hannu mai jijiyoyi a tashe ba.

Tuƙi a kan kujerar roba

Mafi yawan shirin ba a cikin na'ura ake yin sa ba. Kamfanoni da dama kan aiko wa mai neman aiki 'yan shafuka kwanaki kafin gwaji: ga gudun da za a ɗaga hanci, ga digirin da za a ɗaga shi, ga ƙarfin inji a kowane mataki, ga kalmomin da za a furta da lokacin furta su. Wanda ya san abin da yake yi yana haddace su, sannan ya tuƙa su a zaune.

Ga yadda abin ke kasancewa. A ɗakin zaure a Ƙofar Dumi, bayan sallar isha'i, saurayi ya manna babban hoton ɗakin tuƙin 737 a bango, ya jawo kujerar roba ya zauna a gabansa. Ƙaninsa na gefe riƙe da takarda, shi ne abokin tuƙi kuma shi ne hasumiya. Hannun hagu na saurayin yana kan totur da babu shi, na dama kan sitiyarin iska, domin kujerar dama ce ta mataimaki. Ya tura hannu gaba.

"Not tamanin," in ji ƙanin.

"Na gani."

"V1. Ɗaga."

Ya janyo hannu a hankali, yana ƙirga daƙiƙu a zuci, don hanci ya tashi da kimanin digiri uku a kowace daƙiƙa, ba fizga ba.

"Muna hawa."

"Ɗage tayoyi."

"Yaya, ka manta ka ce in zaɓi alkibla a ƙafa ɗari huɗu."

"Gaskiyarka. Mu koma farko."

A ɗakin tuƙi da Turanci za a yi duk wannan, don shi ne harshen aikin a duniya, amma tsarin ɗaya ne. Mai wucewa zai ɗauka wasa suke yi. Wanda ya san tsangaya kuwa zai gane abin nan take: tilawa ce irin ta gardi, a yi ta maimaitawa har harshe ya riƙa tafiya da kansa, hankali ya sami sararin lura da abin da ke tafe. Idan hannu ya san inda maɓallin tayoyi yake, baki ya san abin da zai faɗa, ƙwaƙwalwa ta huta ke nan, ta ajiye ƙarfinta don abin da ba a shirya masa ba.

Sai lissafin ka. Matuƙa suna da 'yan ƙa'idoji da suke yi ba alƙalami. Don sauko da ƙafa dubu ana bukatar kimanin mil uku na tafiya, saboda haka wanda ke ƙafa 10,000 sama da fili ya san tun yana mil talatin ya kamata ya fara gangarowa, da ɗan ƙari don rage gudu. Hanyar saukowa kan titi tana da gangaren digiri uku. A ninka gudun jirgi sau biyar, a sami ƙafa nawa za a sauko a minti. Not 140 ya ba da ƙafa 700. Wanda ya riƙe wannan ba ya bin allura yana lalube: yana sa jirgi a kan 700 tun farko, sannan ya riƙa ɗan taɓawa.

Wanda ke da hali yakan sayi sa'a ɗaya ko biyu a na'urar gaske kafin ranar. Kwalejin Zariya ta mallaki ta Boeing 737, matuƙan Najeriya da yawa kuma sun daɗe suna fita waje, zuwa Addis Ababa ko Dubai ko Ingila, don irin wannan horo. Wanda ba shi da hali, manhajar tuƙi a kwamfuta tana koya wa ido zagayen agoguna ko da ba ta koya wa hannu nauyin jirgi. Amma duk wanda ya shiga na'ura bai yi aikin kujera ba, kuɗinsa ya zubar.

Lokacin da inji ya mutu

Akwai wani gudu a kan titi da ake kira V1. Kafin a kai shi, idan matsala ta taso ana iya taka birki a tsaya. Da an wuce shi, sauran titin ba zai isa tsayawa ba, dole a tashi ko da inji ɗaya ne. Daidai nan masu gwaji ke son kashe inji.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙu biyar na farko shi ne zuciyar gwajin. Injin dama ya mutu, na hagu na turi da dukan ƙarfinsa, sai hancin jirgi ya fizga dama. Ɗanyen hannu zai kai wa sitiyari cafka. Gwani da ƙafa yake amsawa: ya taka fedar hagu a hankali amma da nauyi, har jirgi ya miƙe kan layin tsakiya, ya riƙe ta a nan. Ya ɗaga hanci a hankali fiye da kullum, ya tsayar da shi ƙasa kaɗan da inda aka saba, don ƙarfin ya ragu da rabi. A ɗage tayoyi. Bayan wannan, sai abin da ya fi komai wuya ga mai jin tsoro: kada ya taɓa komai. A yawancin kamfanoni ba a fara aikin kashe injin da ya lalace sai an kai ƙafa 400. Ƙa'idar da ake koya wa kowane matuƙi tun ranar farko ita ce a tuƙa jirgi tukuna, sannan a san inda aka dosa, sannan a yi magana da ƙasa.

Da lokaci ya yi, ba mai kashe inji shi kaɗai. Ɗaya ya ɗora hannu kan totur ya ce, "Na dama, tabbatar." Ɗayan ya dubi agoguna, ya dubi hannun, ya ce, "Na dama ne, na tabbatar." Sannan a ja. Wannan 'yar tsayawa da jini aka saye ta. A watan Janairun 1989, a Kegworth ta Ingila, matuƙan wani Boeing 737 suka kashe injin da ke lafiya suka bar mai ciwo, mutum 47 suka rasu. A Fabrairun 2015 haka ta sake faruwa a Taipei, jirgin TransAsia ya faɗa kogi jim kaɗan bayan tashi, mutum 43 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa kyaftin ɗin ya taɓa faɗuwa gwajin na'ura a shekarar da ta gabaci hatsarin, kuma cikin abin da aka rubuta a kansa har da rauni wajen tafiyar da mutuwar inji lokacin tashi. Akwatin ya riga ya faɗi gaskiya.

Fasa sauka ba faɗuwa ba ne

Ƙarshen gwajin yawanci saukowa ce ta hanyar ILS, na'urar da ke aiko da sigina biyu daga bakin titi, ɗaya na nuna dama da hagu, ɗaya na nuna sama da ƙasa. Matuƙi na riƙe allurai biyu a tsakiya, ba ya ganin komai ta taga. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin Disamba ko Janairu, an ce masa an soke tashi saboda hazo, ya san ƙurar hunturu tana iya shafe titi daga idon matuƙi da rana tsaka.

Yayin da ake kusantar titi siginar tana ƙara tsukewa, saboda haka gyara ma dole ya riƙa ƙanƙancewa: digiri biyu, digiri ɗaya, ɗan taɓi. A ƙafa 1,000 dole komai ya zauna, gudu da gangare da tayoyi da fikafikai. A ƙafa 200, idan ba a ga fitilun titi ba, sai a fasa. Daga wannan tsayi zuwa ƙasa kimanin daƙiƙa goma sha bakwai ne kawai, babu lokacin shawara. An riga an yanke ta tun a sama, lokacin da matuƙi ke yi wa abokinsa bayanin yadda za a sauka da abin da za a yi idan ba ta yiwu ba.

A nan masu neman aiki da yawa ke cin kansu. Saukowa ta lalace, gudu ya yi yawa, allura ta kauce, amma mutum ya nace sai ya dire jirgin, yana ganin fasawa abin kunya ne a gaban mai gwaji. Alhali wanda ya ce "Mu fasa," ya tura totur, ya ɗaga hanci, ya koma sama cikin tsari, shi ne ya nuna abin da kamfani ke nema. Jirgin da aka fasa saukarsa ana sake gwadawa. Wanda aka tilasta wa titi wani lokaci ba ya bayar da dama ta biyu.

Kunya a ɗakin tuƙi

Sau da yawa masu neman aiki biyu ake haɗawa, ɗaya ya tuƙa ɗaya ya sa ido, sannan su yi musaya. Wasu na ɗauka lokacin sa ido hutu ne, ko ma su ɗauki na kusa da su abokin hamayya. Kuskure ne babba, domin ana auna mutum a kujerar taimako kamar yadda ake auna shi a ta tuƙi. Wanda ya ga abokinsa ya sauka ƙafa ɗari ƙasa da inda aka ce ya yi shiru, shi ma ya faɗi.

Tarihin wannan ya koma ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 na KLM da Pan Am suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM babban malamin horo ne a kamfaninsa. Injiniyan da ke bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, ba wanda ya sake ja. Daga irin waɗannan haɗurra ne aka fito da horon aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda yau ya zama wajibi a duniya.

Ga ɗan Bahaushe akwai aiki na musamman a nan. An rene mu kan kada mu katse babba, kada mu ɗaga masa murya, kada mu nuna masa kuskurensa a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba a ce a zubar da ita a ƙofar jirgi ba. Abin da ake koya shi ne faɗin gaskiya a sarari, da ladabi, a kan lokaci. "Kyaftin, gudu ya ragu da not goma." In bai amsa ba, a maimaita da ƙarfi. In har yanzu shiru kuma ƙasa na matsowa, "Yallaɓai, mu fasa sauka." Wanda ya iya haɗa girmamawa da wannan tsayuwar ya fi wanda bai san kunya ba tun asali, don kyaftin zai saurare shi ba tare da jin an ci masa fuska ba. Shi ma wannan ana yin atisayensa a kan kujerar roba, har bakin ya saba.

Bayan an buɗe ƙofa, mai gwaji kan tambayi mutum yadda ya ga aikinsa. Amsar gwani gajera ce: ga inda na kauce, ga dalili, ga abin da zan yi dabam. Ba ya ɗora wa na'ura laifi, ba ya kuma yi wa kansa ƙarin laifin da bai yi ba.

Wanda ya ci, ba sallama ya yi da akwatin ba. Zai dawo cikinsa makonni don koyon jirgin kamfani, sannan kusan kowane wata shida a sake kashe masa inji, a sake rufe masa titi da hazo, har ya tara sa'o'i 1,500 na babban lasisi, har ya zama kyaftin, har ya kai shekara 65 da doka ta ce ya sauka. Sana'o'i kaɗan ne mai furfura ke komawa gaban mai jarrabawa sau biyu a shekara, da sanin cewa in ya gaza za a dakatar da shi sai ya gyara. Saboda haka halin da saurayi ya gina yana shirin gwajin farko, na hadda da lissafi da karɓar gyara daga bakin ƙaninsa, shi ne jarin da zai ci har ƙarshen aikinsa, kuma a kansa ne fasinjan da bai taɓa ganin fuskarsa ba ya dogara, bayan Allah.